Kafin a Kai Karya Barbara: Yadda Mai Kiwon Karnukan Waje a Kano Zai Kauce wa Cututtukan Gado

Duk mai zagaya Nassarawa GRA, Bompai, Badawa ko Hotoro ya san karen waje ya daina zama na baƙi kaɗai. Gidaje, gonakin kaji da kamfanonin Sharaɗa da Challawa suna neman karen gadi, masu kiwo kuma sun yawaita. Tallan da ake yi a WhatsApp kusan iri ɗaya ne: tsantsa ne ba ruwa biyu ba, ƙaton kai, ƙashi mai kauri, ubansa daga waje aka kawo shi. Da wuya ka ga an rubuta cewa an ɗauki hoton kwatangwalon uwar, ko an yi wa uban wani gwaji. Sai kwikwiyon ya kai wata bakwai ko takwas, ya fara tashi da ƙyar, yana haɗa ƙafafun baya biyu yana tsalle in zai yi gudu, sannan mai shi ya fara sintirin asibiti. A lokacin bakin alƙalami ya bushe, domin tun ranar da aka haɗa iyayensa aka rubuta masa wannan ciwon.

Dalilin da ya sa karen tsantsa ya fi fama da cutar gado ba ɓoyayye ba ne. Kowane iri daga karnuka ƙalilan aka tsiro da shi, aka rufe ƙofa, ba a ƙara shigar da baƙon jini ba. Jaman Shefad, wanda wasu ke kira Alseshan, a 1899 wani hafsan sojan Jamus, Max von Stephanitz, ya kafa ƙungiyarsa, kuma kare ɗaya mai suna Horand aka fara rubutawa a littafin, aka yi ta haɗa zuriyarsa da juna har siffar ta zauna. Siffa ta zauna, aibin da ke ɓoye a jinin waɗannan kakanni shi ma ya zauna. A nan Najeriya ƙofar ta ƙara tsukewa, domin karnukan da aka shigo da su ba su da yawa, kuma da zarar wani namiji ya yi suna, kowa gare shi zai kai karyarsa. Karen farauta na gida bai shiga wannan matsi ba: jininsa a buɗe yake, kuma mafarauci ba ya neman ɗan karen da ba ya iya gudu.

Gado iri biyu ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba

Na farko shi ne wanda ƙwayar gado guda ɗaya ke jawowa. Mutanen Kano ba sa buƙatar dogon bayani a nan, domin lissafin sikila ne sak, wanda tun 2024 doka ta wajabta gwajinsa kafin aure a jihar. Kare yana iya zama mai tsabta, ko mai ɗauke da ƙwayar guda ɗaya amma lafiyarsa ƙalau, ko mai guda biyu wanda cutar za ta iya kamawa. In aka haɗa mai ɗauke da mai ɗauke, kowane kwikwiyo yana da kashi 25 cikin 100 na fitowa da cutar, kashi 50 na zama mai ɗauke, kashi 25 na fita da tsabta. In aka haɗa mai ɗauke da mai tsabta, babu ko ɗaya da zai kamu, sai dai kusan rabinsu za su ɗauko ƙwayar. Saboda haka mai ɗauke ba abin jefarwa ba ne. In yana da hali mai kyau da ƙashi mai kyau, a haɗa shi da mai tsabta, a gwada 'ya'yan kafin su ma su shiga kiwo. Korar duk masu ɗauke gaba ɗaya ƙara tsuke jinin take yi.

Na biyu shi ne wanda ƙwayoyin gado da yawa ke taruwa su jawo, ciyarwa da muhalli kuma su ƙara masa ko su rage. Lalacewar kwatangwalo da ta gwiwar ƙafar gaba, farfaɗiya, da yawancin ciwon zuciya duk a nan suke. Babu gwajin yawu ko na jini da zai wanke kare daga irin waɗannan. Sai an duba jikin karen kansa, an kuma tambayi labarin iyayensa, 'yan uwansa da 'ya'yan da ya riga ya haifa.

Kwatangwalo: aikin da ya fi kowanne muhimmanci

Ga manyan karnukan da suka fi yawa a Kano, wato Jaman Shefad, Rotwaila, Bowabul na Afirka ta Kudu, Kokeshiyan da Labarado, nan ne ya kamata kuɗi da hankali su fara zuwa. Kan ƙashin cinya dunƙule ne, yana zaune cikin wani kwarmi a ƙashin ƙugu. A kare mai lafiya kwarmin yana da zurfi, ya rungume fiye da rabin dunƙulen. A mai ciwon, gaɓar sakwa-sakwa take tun yana ƙarami, dunƙulen yana zamewa yana gugar bakin kwarmin, guringuntsi ya cinye, ƙashi ya fara tsiro inda bai kamata ba, daga nan sai ciwon gaɓa na har abada.

Abin da ke yaudarar masu kiwo shi ne ido ba ya gano wannan. Kare mai ƙarfin tsoka yana iya gudu da tsalle har shekara huɗu ko biyar da kwatangwalo maras kyau, kafin nan ya haifi 'ya'ya da dama. Hoton ƙashi kaɗai ke faɗin gaskiya, shi ma sai an ɗauke shi daidai:

A kai karen bai ci abinci ba tun dare, domin za a yi masa allurar da za ta sa jikinsa ya saki. Hoton da aka ɗauka kare yana farke yana ƙanƙame tsoka yana ɓoye sakin gaɓar. A kwantar da shi rigingine, a miƙe ƙafafun baya biyu su yi layi ɗaya da juna, a ɗan murɗa gwiwoyin ciki har ƙoƙon gwiwa ya zauna a tsakiya. Ƙugun ya daidaita, kada ya karkata gefe, domin karkacewa kaɗan tana sa gefe ɗaya ya fito da kyau fiye da yadda yake, ɗayan kuma ya fito da muni. A rubuta kwanan wata da lambar shaidar karen a jikin hoton, ba a bayan ambulan ba. Karya kuma kada a ɗauke ta tana cikin jinin neman namiji; a bari mako uku zuwa huɗu kafin ko bayan haka. Tunda karen yana barci, a ɗauki gwiwoyin gaba a zama ɗaya.

Shekaru suna da muhimmanci. Hukumar OFA ta Amurka, mai tantance hotunan kwatangwalon karnuka, wadda aka kafa a 1966, ba ta ba da sakamakon ƙarshe sai kare ya cika wata 24. Tsarin ƙungiyar karnuka ta ƙasa da ƙasa, wato FCI, wanda yawancin ƙasashen Turai ke bi, yana karɓa daga wata 12, manya-manyan iri kuma daga wata 18, yana ba da daraja daga A zuwa E. A da B su ne na kiwo. C ciwo ne mai sauƙi; in dole sai an yi amfani da shi saboda wani alheri na musamman, to da mai A kaɗai za a haɗa shi. D da E ba sa shiga kiwo ko nawa aka sayo su. Na Ingila maki yake bayarwa daga 0 zuwa 106, kowane gefe 53, kuma ƙarancin maki shi ne kyau. Gwiwar gaba daga 0 zuwa 3 ake auna ta. A tsaya a kan 0. Wanda ya sayo kare daga waje ya duba takardarsa, sau da yawa waɗannan haruffa suna nan a gaban sunan iyaye da kakanni, ba a dai karanta su ba ne.

In asibitin da kake zuwa ba shi da na'urar, likitan dabbobi zai iya shirya inda za a ɗauka, kuma Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tafiyar yini ɗaya ce zuwa da dawowa. Likitan da ya saba zai duba zurfin kwarmin ya auna kusurwar da ake kira ta Norberg, wadda a gaɓa mai kyau take kai digiri 105 ko fiye.

Ko iyaye biyu masu A suna iya haifar mai ciwo, amma yawan masu ciwon yana raguwa sosai, kuma yana ƙara raguwa in an ɗore a haka zuriya bayan zuriya. Shi ya sa kare mai B wanda duk 'yan uwansa lafiya suke ya fi mai A wanda rabin 'yan cikinsu suka gurgunce.

Wani ɓangare na laifin kuma a kwanon abinci yake. An yi wani bincike a Amurka kan Labarado 48, aka raba su biyu, rabi aka rage musu kashi 25 cikin 100 na abin da 'yan uwansu ke ci tun suna ƙanana. Sakamakon da aka fitar a 2002 ya nuna waɗanda aka rage wa sun fi daɗewa a duniya da kusan shekara biyu, ciwon gaɓa kuma ya yi jinkirin kama su. A nan kuwa gasar ƙiba ake yi: ana ɗura wa kwikwiyon Bowabul abinci da garin ƙashi da ƙwayoyin kalsiyam don ya yi saurin girma ya yi tsada. Kwikwiyon da bai kai wata shida ba hanjinsa ba ya iya tace yawan kalsiyam, duk yadda aka ƙara masa haka yake ƙara shiga jini, ya ɓata tsarin girman ƙashi. Akasin haka ma yana faruwa: wanda ake ba nama zalla ko ragowar tuwo da taliya kawai, kalsiyam ɗinsa yana gazawa, ƙafafu su lanƙwashe, a ɗora wa gado laifin da ba nasa ba. Ma'aunin mai sauƙi ne: in ka shafa gefen kwikwiyo da tafin hannu ka ji haƙarƙari ba tare da dannawa ba, in ka dube shi daga sama ka ga ƙugu ya ɗan shiga. Kada a raini kwiyakwiyai a kan tayil mai santsi, kuma kada a bar su suna hawa da sauka a bene kafin wata uku.

Gwajin ƙwayoyin gado

Ba sai an ɗebi jini ba. Ɗakunan gwaji a Turai, Amurka da Afirka ta Kudu suna aiko da ɗan tsinke mai auduga ko burushi. A hana karen ci na awa ɗaya zuwa biyu, kwikwiyo mai shan nono a raba shi da uwar na wannan lokacin don kada nononta ya gurɓata sakamakon. A goga tsinken a cikin kumatu da ɗan ƙarfi na daƙiƙa 30, a bar shi ya bushe a iska, a sa a ambulan na takarda. Leda tana riƙe laima, samfurin ya yi fumfuna kafin ya isa. Sau ɗaya ake yi a rayuwar kare.

Ba kowane gwaji ya shafi kowane iri ba. Mai Rotwaila ya nemi JLPP. Cutar jijiya ce da ke bayyana wajen wata uku: muryar kwikwiyo ta dishe, numfashi ya riƙa ƙara, ya riƙa shaƙewa da abinci, daga baya ƙafafun baya su mutu. Ba ta da magani, kuma da wuya ya kai shekara. Mai Jaman Shefad ya nemi SOD1, ƙwayar da aka gano a 2009 tana da alaƙa da mutuwar lakar gadon baya. Wannan sai kare ya haura shekara takwas take fitowa, ya fara jan ƙafa yana goge farce a ƙasa, lokacin ya gama haihuwa tuni. Mai ƙwaya biyu yana cikin haɗari, ko da yake ba kowanne ne ke kamuwa ba. Masu ƙananan karnukan da ake kira Eskimo da Lasa su nemi gwajin PRA, makantar da ke farawa da dundumi. Mai Dobaman ya nemi na cutar von Willebrand, wadda ke hana jini tsayawa.

Akwai guda ɗaya da ya shafi Kano kai tsaye, MDR1, wanda aka gano a 2001 a wata jami'a a jihar Washington ta Amurka. Karen da ke da wannan matsalar, wasu magunguna suna tsallakawa cikin ƙwaƙwalwarsa, cikinsu har da ibamektin, allurar da ake yawan yi wa karnuka a nan saboda kaska da ƙazuwa, sau da yawa ma da ruwan maganin shanu ba tare da awo ba. Ya fi yawa a irin karen da ake kira Koli da danginsa, amma ana samunsa a wasu Jaman Shefad. Alamar ita ce dalalar yawu, tangaɗi, buɗewar ƙwayar ido, rawar jiki, sannan suma. Ko ba a yi gwajin ba, kada a yi wannan allurar sai likita ya auna nauyin karen.

Abin da ido da hannu za su gano a gida

Wannan ba ya cin ko sisi, amma shi aka fi yi wa rufa-rufa. A namiji, a taɓa a tabbatar 'ya'yan maraina biyu sun sauko. Yawanci kafin mako takwas suna nan. In an kai wata shida babu ɗaya, ya maƙale a ciki ke nan. Gado ne, kuma wanda ya maƙale ya fi saurin zama ciwon daji nesa ba kusa ba. Irin wannan kare yana iya ba da ciki, shi ya sa ake ci gaba da amfani da shi, amma dandaƙa ce ta dace da shi.

A duba fatar ido. In ta naɗe ciki gashi yana gugar ƙwayar ido, ido kullum cikin hawaye da kwantsa, ko ta saki ta zazzago waje, kamar yadda ake gani a Bowabul da Rotwaila masu yawan fata a fuska, tiyata za ta gyara wa karen, amma ba za ta gyara abin da zai ba 'ya'yansa ba. Haka ƙabar cibiya mai girma, haka haƙoran da ba su haɗu ba, haka ƙoƙon gwiwar da ke gocewa a Lasa da Eskimo, wanda ke sa su ɗaga ƙafa ɗaya su yi taku biyu uku sannan su sauke. Karen da ƙazuwar demodeks ta mamaye masa jiki tun yana ƙarami, ko ya warke, raunin garkuwar da ya ba ta dama yana bin jini. Wanda ya taɓa faɗuwar farfaɗiya tsakanin wata shida da shekara shida ba tare da guba ko wata cuta ba, a cire shi, kuma kada a sake maimaita haɗin da ya haife shi. Bayan shekara ɗaya likita ya saurari zuciya, musamman a Rotwaila da Dobaman. In ya ji wani sauti da ba daidai ba, a dakata har a yi hoton zuciya.

Hali ma ana gadonsa. Karen da ke firgita da ƙaramin motsi, ya ɓuya, sannan ya kai cizo in an matso, ba jarumi ba ne, matsoraci ne, kuma shi ne ke cizon yaran gida. Ana yawan tallata irinsa da sunan zafi. Karen gadi na gari natsattse ne, ya san na gida ya san baƙo, yana jin kira.

Hanci, gashi da zafin Kano

Kare ba ya gumi a jiki, da haki yake sanyaya kansa. Buldog, Buldog na Faransa da Fug an gajarta musu ƙashin fuska amma naman ciki bai ragu ba: ƙofar hanci a tsuke, ganɗa ta yi tsawo ta toshe maƙogwaro. Minsharin da ake ɗauka abin sha'awa ne, ƙarar kare ce da ke kokawa da numfashi. A watan Afrilu da Mayu, da zafin Kano ke kai digiri 40, ga ɗaukewar wuta, irin wannan kare yana iya mutuwa a cikin mota ko a keji cikin ɗan lokaci. Gwajin da Jami'ar Kambirij ta tsara yana da sauƙin kwaikwayo: a saurari numfashinsa yana hutawa, a sa shi sassarfa na minti uku, a sake saurara. A nan da asuba za a yi. In yana gurnani, yana kakari, ko harshe ya fara shuɗi, ba na kiwo ba ne. Wani bincike a Ingila a 2010 ya gano fiye da kashi 80 cikin 100 na haihuwar Buldog da Buldog na Faransa da tiyata ake yi, domin kan ɗan ya fi ƙugun uwar. Holan tana hana kiwon kare mai guntun baki fiye da kima, kotun ƙolin Norwe kuma a 2023 ta haramta kiwon wani ƙaramin kare, Kabaliya, saboda yawan cututtukan gadonsa. A ganinmu, wanda ba shi da tsayayyar wuta da likitan tiyata a kusa bai kamata ya kiwata masu guntun hanci a Kano ba.

Kokeshiyan kuma don sanyin duwatsun Kokeshiya aka yi shi. Mai riƙe shi a nan ya tanadi inuwa mai iska, ruwa ba yankewa, ba keji mai rufin kwano a rana ba.

Launi ma yana da tarko. In aka haɗa masu dabbare-dabbaren da ake kira mal su biyu, kashi ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan suna iya fitowa kusan farare, kurame ko makafi ko duka biyun. Mal da maras mal kaɗai ake haɗawa.

Lissafin dangantaka

A rubuta iyaye da kakannin namiji da na macen har hawa huɗu ko biyar, a nemi sunan da ya fito a ɓangarori biyu. In an samu, a ƙirga karnukan da ke kan hanya: daga namijin, a hau zuwa kakan da suka haɗa, a sauko zuwa macen, kowa da kowa a ciki. A ninka rabi sau wannan adadin. Misali, 'yan uba: namijin, uban, macen, uku ke nan, rabi sau rabi sau rabi ya ba da ɗaya cikin takwas, wato kashi 12.5. In kakannin da suka haɗa sun fi ɗaya, a yi wa kowanne nasa a tara. Ta haka uba da 'yarsa, ko uwa da ɗanta, ko shaƙiƙai, suna ba da kashi 25. Kaka da jika 12.5, 'ya'yan wa da ƙani 6.25. Adadin yana nuna yiwuwar kwikwiyo ya gaji ƙwaya iri ɗaya sak ta wajen uwa da ta wajen uba. Yana hawa, yawan 'ya'ya a ciki yana raguwa, mutuwar jarirai tana ƙaruwa, garkuwa tana rauni. Ƙungiyar karnuka ta Ingila ta daina rajistar 'ya'yan uba da 'ya, uwa da ɗa, da shaƙiƙai tun 2009. Shawararmu a tsaya ƙasa da 6.25.

Matsalar Kano ita ce yawancin karnuka ba su da rubutaccen asali. Ka sayi namiji a Sabon Gari, mace daga Jos ko Kaduna, ka ɗauka bare ne, alhali ubansu ɗaya. A bi sawu da tambaya: wa ya haifa, daga gidan wa, a nemi hoton iyaye da lambar wanda ya kiwata su. Wanda ya ƙi nuna uwar kwikwiyo, a bar masa kayansa. Ba a cinikin biri a sama. Kuma daga yau kowane mai kiwo ya buɗe littafi: sunan uwa da uba, ranar barbara, ranar haihuwa, nawa aka haifa, nawa suka mutu, wa ya sayi wanne.

Haƙƙin karya

Kada a haɗa ta a jinin farko. Babbar karya ta kai shekara biyu, lokacin ƙashinta ya gama ƙwari, sakamakon hoto ma ya fito. Ƙa'idar ƙungiyar karnuka ta Ingila tun 2012 ita ce haihuwa huɗu a rayuwa, ba a wuce tiyata biyu, ba a kuma haihuwa bayan shekara takwas. Wannan iyaka ce mai kyau a ɗauka. In ta rame bayan shayarwa, a tsallake jini ɗaya.

Kafin barbara a duba al'aurar duka biyun. Akwai wani ƙari mai kama da danƙararren nama ja, mai zubar jini, da ke yaɗuwa ta barbara, kuma ya yawaita a karnukan ƙasar nan. Yana jin allurar binkiristin ta mako-mako a hannun likita, amma mai shi ba ya barbara sai ya warke. A gwada burusela, mai sa ɓari da rashin haihuwa, wadda mutum ma yana iya ɗauka. A kammala rigakafi, maganin tsutsa da na kaska kafin ciki, ba bayan ya shiga ba.

Ciki kwana 63 ne, da ɗan gaba ko baya. Kada a ba ta ƙarin kalsiyam tana da ciki, domin yana jawo jijjiga bayan haihuwa. Daga kwana na 57 a riƙa auna zafin jikinta safe da yamma. In ya sauko ƙasa da digiri 37.5, haihuwa na nan tafe cikin kwana ɗaya. A kira likita in ta yi minti 30 tana nishi mai ƙarfi ba ɗa, ko an wuce awa biyu tsakanin ɗa da ɗa alhali akwai saura, ko koren ruwa ya fito kafin ɗan farko. Allurar naƙuda da wasu ke yi a gida tana fasa mahaifa in ɗa ya gicciye. In haihuwar ta faɗo a hunturu, makwancin jarirai yana buƙatar ɗumin digiri 29 zuwa 32 a makon farko, domin ba sa iya ɗumama kansu.

Ranar sayarwa da bayanta

Malamai sun yi saɓani kan cinikin karen da aka yi izinin riƙewa don farauta ko tsaron dabbobi da gona, wannan kowa ya koma ga malaminsa. Abin da babu saɓani a kai shi ne haramcin ɓoye aibin haja, da kuma alhakin dabbar da aka wahalar. Wanda ya san karyarsa tana haifar guragu ya ci gaba da haɗa ta yana sayarwa, ya haɗa biyun.

Kwikwiyo ba ya barin uwa kafin mako takwas. Kafin nan an ba shi maganin tsutsa a mako na 2, 4, 6 da 8, an yi masa allurar rigakafi ta farko tsakanin mako shida da takwas, da katin da likita mai rajista ya sa wa hannu. A gaya wa mai saye ranakun sauran alluran har zuwa mako 16, da ta haukan kare a wata uku. A ba shi kwafin sakamakon hoton iyaye da na gwaji. In kwikwiyon mai ɗauke ne, ko yana da ƙabar cibiya, ko maraina bai sauko ba, a faɗa da baki a kuma rubuta, a rage kuɗi, a bayyana cewa na gadi ne ba na kiwo ba. A rubuta yarjejeniya gajeriya a gaban shaidu biyu: in cutar gado mai tsanani ta bayyana cikin shekara biyu, likita ya tabbatar, me za a yi, mayar da kuɗi ko musanya, kuma in mai saye ya kasa riƙewa, ya dawo da karen maimakon ya sake shi a titi.

A riƙa kiran masu saye a wata shida, shekara ɗaya da shekara biyu, a tambayi tafiyar karen, idonsa, fatarsa da halinsa, a rubuta a littafin. In biyu ko uku daga ciki ɗaya suka nuna matsala iri ɗaya, kada a sake wannan haɗin, kuma a sanar da mai namijin da sauran waɗanda suka sayi 'yan cikin.

Karen da aka cire daga kiwo ba a sayar da shi ga wani mai kiwo a ɓoye. A kai shi likita a dandaƙe namiji, a cire wa mace mahaifa, wanda kuma yake kare ta daga ruɓar mahaifa da ke kashe tsofaffin karnuka. A manyan iri, in babu gaggawa, a jira su gama girma, wajen wata 12 zuwa 18, domin yin aikin da wuri yana shafar gaɓoɓi. Mai ciwon kwatangwalo mai sauƙi yana iya shekaru yana gadi in aka rage masa nauyi, aka shimfiɗa masa abu mai laushi, ana zagayawa da shi a hankali safe da yamma. Maganin ciwo daga likita za a karɓa. Ibuprofen da diclofenac na mutane suna huda wa kare ciki su lalata masa ƙoda, ko da ƙwaya kaɗan ce.